Me Masanin Tarihi Yake Nema a Takardun Darwin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin halittu. Na ji an ce akwai malaman jami'a da aikinsu kacokan shi ne tarihin ka'idar juyin halitta a ƙarni na 19, abin ya ɗaure mini kai. Labarin Darwin ai kowa ya san shi: ya je tsibiran Galapagos, ya ga tsuntsaye, ya dawo ya rubuta littafi, malaman coci suka yi masa ca. To me ya rage da har mutum zai ƙare rayuwarsa yana tono a kai? Kuma aikin nasu kare ka'idar ne ko tona mata asiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ba ta da tsawo. Masanin tarihin kimiyya ba lauyan Darwin ba ne, ba kuma shi ya shigar da ƙara a kansa ba. Ko ka'idar ta tsaya da ƙafarta ko ba ta tsaya ba, wannan shari'a ce taku, ku masu ƙasusuwa da ɗakunan gwaji, malaman addini kuma suna da nasu zauren inda suke tattauna abin da ya shafe su. Namu aikin ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi cin rai: wa ya faɗi me, a wace rana, a kan wace takarda, wa ya karanta, me ya fahimta da ya karanta. Duk wanda ya taɓa zama gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ba a karɓar labari don daɗinsa, sai an tambayi wanda ya kawo shi inda ya jiyo, da shekarun da suka shige tsakanin faruwar abin da ranar da aka rubuta shi.

Labarin da ka zayyano kuwa, da wuya ka sami gaɓa ɗaya a cikinsa da wannan tambayar ba ta girgiza ba.

Ɗauki tsuntsayen. Jirgin ruwan Beagle ya bar Ingila a Disambar 1831, ya dawo a Oktoban 1836. A cikin waɗannan shekaru kusan biyar, zaman Galapagos bai wuce mako biyar ba, a Satumba da Oktoban 1835. Littattafan makaranta suna nuna Darwin tsaye a tsibiri yana duban bakunan ƙananan tsuntsayen nan masu cin tsaba, wannan kauri, wancan siriri, nan take hikima ta faɗo masa. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Frank Sulloway, ya bi fatun tsuntsayen da ke ajiye a gidajen tarihi na Ingila, ya duba 'yan takardun da aka ɗaura musu a ƙafa, ya wallafa abin da ya gano a 1982. Ashe Darwin bai ma rubuta daga wane tsibiri ya kamo yawancinsu ba. Wasu kuma ya ɗauke su dangin wasu tsuntsaye ne dabam. Sai da ya dawo Landan, masanin tsuntsaye John Gould ya duba su a Janairun 1837, sannan aka gane duk 'yan gida ɗaya ne da suka rarrabu jinsi-jinsi. A lokacin ne Darwin ya shiga neman aron tsuntsayen da kyaftin ɗin jirgin, Robert FitzRoy, da hadimin Darwin, Syms Covington, suka tara, saboda su sun rubuta tsibiran. Kunkuran ma haka: Baturen da ke riƙe da tsibiran, Nicholas Lawson, ya gaya masa cewa da ganin kunkuru yana iya faɗin tsibirinsa, amma manyan kunkuran da aka loda a jirgi cinye su aka yi a hanya, aka watsar da ƙoƙon bayansu a teku. Mutumin da ya riga ya gano ka'ida ba zai bari a cinye hujjarsa ba. Tsuntsayen da suka fara sa shi shakka wasu ne, masu kwaikwayon kukan 'yan'uwansu, su kam ya lura sun bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri. Waɗancan masu cin tsabar ba su sami gurbi a babban littafinsa na 1859 ba. Sunansu ya haɗu da nasa sosai ne bayan littafin da David Lack ya rubuta a kansu a 1947, shekara 65 bayan rasuwar Darwin.

Ka lura da kayan aikin Sulloway: ba gardama ba, 'yar takarda ce a ƙafar mataccen tsuntsu.

Babbar ma'ajiyar wannan fanni tana laburaren Jami'ar Cambridge. A can ne ƙananan kundayen aljihu da Darwin ya fara cikawa a Yulin 1837 suke, waɗanda ya yi wa lamba da haruffa. A na harafin B ne ya zana 'yar bishiyar nan mai rassa da ake bugawa a riguna yau. Karanta su azaba ce. Rubutun hannunsa mummuna ne, yana taƙaita kalmomi, yana kuskuren haruffa, yana dawowa bayan shekaru ya ƙara sharhi da wani alƙalami a kan tsohon shafi. Ga kuma wata ɗabi'a tasa: da ya zo rubuta babban littafinsa a 1856, sai ya yayyanke shafukan da yake ganin za su amfane shi, ya rarraba su cikin jakunkunan takardu gwargwadon batu. Masana sun shafe shekaru suna bin waɗannan yankakkun shafuka suna mayar da kowanne mazauninsa, ta hanyar gwada bakin yankan da kututturen da ya rage a kundin, da kalar tawada, da jimlar da ta katse a nan ta ci gaba a can. Cikakken bugun da aka dogara da shi bai fito ba sai 1987. Af, biyu daga cikin kundayen nan, har da mai bishiyar, sun yi ɓatan dabo daga laburaren kusan shekara 20. A 2020 aka sanar cewa ga alama sace su aka yi, a Maris na 2022 kuma wani ya lallaɓo ya ajiye su cikin jakar kyauta ruwan hoda a bakin ofishin shugabar laburaren.

Amfanin wannan wahala shi ne ta ba mu damar gwada Darwin tsoho da Darwin saurayi. A 1876 ya rubuta tarihin rayuwarsa don 'ya'yansa, a ciki ya ce a Oktoban 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus kan yawan jama'a, don nishaɗi kawai, daga nan ya sami ka'idar zaɓin yanayi, wato halittun da siffofinsu suka fi dacewa da muhallinsu su ne suka fi tsira su hayayyafa. Kundinsa ya nuna ƙarshen Satumba ne, kuma ba nishaɗi ba ne, mutum ne da ya yi wata 15 yana farautar abin da ke sa jinsi ya sauya. A wannan tarihin dai ya ce ya tattara hujjoji ne birjik ba tare da wata ka'ida a ransa ba. Kundayen cike suke da hasashe tun shafin farko. Ba ƙarya ya shirga ba. Shekara 38 ta wuce, kuma a zamaninsa haka ake son masanin kimiyya na kirki ya bayyana kansa, mai haƙurin tara hujja, ba mai saurin zato ba. Shi kansa tarihin rayuwar, da ɗansa Francis ya buga shi a 1887, an cire maganganunsa masu zafi kan addini saboda iyalin ba su so, musamman matarsa Emma. Sai a 1958 jikarsa Nora Barlow ta mayar da su. Wanda ya karanta bugun farko ya ce ya san ra'ayin Darwin kan addini, abin da iyali suka tace ya sani.

Inda na fi son in zaunar da ɗalibi shi ne kan maganar Alfred Russel Wallace, domin a nan ne ake ganin yadda ake yanke hukunci idan babbar shaida ta ɓace. Wallace ba ɗan masu hali ba ne kamar Darwin. Da sayar da ƙwari da fatun tsuntsaye ga masu tarawa a Ingila yake ci. Ya yi shekara huɗu a Amazon, a hanyar dawowa a 1852 jirginsu ya kama da wuta, kusan duk abin da ya tara ya ƙone. Ya sake tashi zuwa tsibiran da yau suke Malesiya da Indonesiya, daga 1854 zuwa 1862. A Fabrairun 1858, yana fama da zazzaɓi, ya rubuta 'yar maƙala da ke bayanin yadda gwagwarmayar rayuwa ke tace halittu, ya aika wa Darwin daga tsibirin Ternate, ya roƙe shi ya nuna wa masanin duwatsu Charles Lyell idan ya ga ta cancanta. Darwin ya ce ta iso masa ran 18 ga Yuni. A ran 1 ga Yuli, Lyell da masanin tsirrai Joseph Hooker suka sa aka karanta ta a taron Ƙungiyar Linnean a Landan, tare da wasu rubuce-rubucen Darwin. Babu ɗayansu a wurin: Wallace yana can gabas bai ma san ana yi ba, Darwin kuma yana makokin jaririnsa da ya rasu kwana uku kafin nan.

Matsalar ita ce wasiƙar Wallace da ambulanta da ainihin maƙalar da ya rubuta da hannunsa duk babu su. Sai ga wata wasiƙar da Wallace ya rubuta wa wani abokinsa, Frederick Bates, a farkon Maris na shekarar, tambarin gidan waya ya nuna ta isa Leicester ran 3 ga Yuni. Daga nan wasu marubuta, tun daga wajen 1980, suka ce ashe Darwin ya karɓi tasa mako biyu kafin ranar da ya faɗa, ya ɓoye ta, ya kwashi abin da ya kwasa. Zargi ne mai nauyi, kuma ba a kore shi da cewa ai Darwin mutumin kirki ne. Masana tarihi John van Wyhe da Kees Rookmaaker suka koma jaridun zamanin da jadawalin jiragen ruwan da ke ɗaukar wasiƙu. Hujjarsu ita ce wasiƙar Wallace amsa ce ga wadda Darwin ya rubuta masa a Disambar 1857, ita kuwa jirgin Maris ne ya kawo ta Ternate, don haka amsar ta fi kama da ta bi jirgin Afrilu. Suka bi jakar wasiƙun zango-zango: Batavia, Singafo, Silon, Suwez, sannan ta tudu zuwa Iskandariyya, tunda ba a buɗe mashigin Suwez ba sai 1869, har zuwa Southampton. Lissafin ya faɗo daidai kan 18 ga Yuni. Masu zargin ba su sallama duka ba, amma ni a wurina abin da ya kashe maganar ba jadawalin jirgi ba ne. Darwin ya rubuta taƙaitaccen bayanin ka'idarsa a shafi 35 tun 1842, ya faɗaɗa shi zuwa shafi kusan 230 a 1844, Hooker ya karanta wannan da idonsa shekaru kafin Wallace ya je gabas, kuma a Satumbar 1857 Darwin ya aika wa Asa Gray na Harvard bayanin ka'idar a wasiƙa. Ba a satar abin da aka riga aka ajiye a hannun shaidu.

Wannan bai wanke kowa tas ba. Abokan Darwin ne suka shirya taron, ba a nemi izinin Wallace ba, kuma rubutun Darwin aka sa a gaba. Manyan Landan sun kare nasu. Wallace dai bai taɓa nuna ɓacin rai a fili ba, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Darwin a 1882, littafin da ya rubuta kan ka'idar a 1889 ma sunan Darwin ya laƙaba masa. Shi kuwa shugaban Ƙungiyar Linnean, Thomas Bell, da ya zo bitar shekarar, cewa ya yi ba a yi wani gagarumin gano abu a cikinta ba.

Maganar malaman coci da suka yi masa ca, tushenta taron Oxford ne na 30 ga Yunin 1860. Ana cewa Bishop Samuel Wilberforce ya tambayi Thomas Huxley, masanin halittu mai goyon bayan Darwin, ko ta wajen kakansa namiji ne ko ta wajen kakarsa ya haɗa jini da biri, Huxley ya mayar masa da martanin da ya rufe masa baki, kimiyya ta kayar da addini a rana ɗaya. Babu wanda ya rubuta jawaban kalma da kalma a ranar. Abin da ke hannu 'yan rahotannin jarida ne da wasiƙu, kuma ba su jitu ba. Hooker ya rubuta wa Darwin cewa muryar Huxley ba ta cika ɗakin ba, shi Hooker ne ya murƙushe bishop ɗin. Sigar da ta fi yaɗuwa ta ginu ne a kan tunanin mutanen da suka rubuta bayan shekara 30 zuwa 40, lokacin da ɓangaren Huxley ya riga ya karɓe ragamar kimiyya a Ingila. Idan ka duba sahun kowane ɓangare kuma, ba ya bin layin da ake zato. Richard Owen, babban masanin ƙirar jikin dabbobi na Ingila, da Louis Agassiz na Harvard, manyan masana kimiyya ne, kuma sun ƙi ka'idar. Asa Gray, wanda ya fi kowa kare ta a Amurka, Kirista ne mai riƙo da addini, haka ma limamin coci Charles Kingsley ya yi maraba da ita. Labarin cewa Darwin ya tuba ya janye ka'idarsa a gadon mutuwa, shi ma haka ya ƙare a hannun masu bincike: a 1915 ya ɓulla a wata jaridar 'yan Baftis ta Amurka, 'ya'yansa kuma suka ƙaryata. Ka ga almara ba ɓangare ɗaya ke ƙera ta ba.

Littafin da kansa, On the Origin of Species, ba abu ɗaya ba ne. Ya fito ran 24 ga Nuwamban 1859, kwafi 1,250, aka sake buga shi har zuwa bugu na shida a 1872, kowane karo Darwin yana gyara, yana amsa masu suka, yana ƙara ba wasu dalilan sauyi wuri ban da zaɓin yanayi. Sukar da ta fi damunsa ba daga mumbari ta zo ba. Injiniya Fleeming Jenkin ya nuna a 1867 cewa idan gadon siffofi gauraya ne, sabuwar siffa za ta narke cikin 'yan zuriya kaɗan. Masanin fiziya William Thomson ya lissafa cewa duniya ba ta yi tsufan da ka'idar ke buƙata ba. Darwin ba shi da gamsasshiyar amsa, domin aikin Mendel na 1866 kan yadda ake gadon siffofi bai shiga hannun jama'a ba sai 1900. Shi ya sa masanin tarihi Peter Bowler ya nuna cewa zuwa ƙarshen ƙarnin yawancin masana sun yarda jinsuna suna sauyawa, amma ƙalilan ne suka yarda zaɓin yanayi ne babban dalili. Da yawa sun fi karkata ga ra'ayin Lamarck Bafaranshe, mai cewa zuriya tana gadon siffofin da iyaye suka samu a rayuwarsu, ko ga cewa halitta tana hawa wani tsani ne da aka riga aka shata. Abin da ake koya muku a aji yau an ƙulla shi ne tsakanin 1930 da 1950. Babban zunubi a sana'armu shi ne a karanta mutanen 1870 kamar suna kan hanyar zuwa littafin ajinku, a raba su gida biyu, masu gaskiya da masu taurin kai.

Akwai kuma waɗanda tsohon labarin ya bari a bakin ƙofa. Wanda ya koya wa Darwin feɗe tsuntsu da adana fatarsa a Edinburgh a 1826 baƙar fata ne, John Edmonstone, 'yantaccen bawa daga Guyana. Wallace ya tara samfuri sama da 125,000, amma tsuntsaye da yawa yaronsa Ali, Bamalaye daga Sarawak, shi ya harbo su ya gyara. Darwin ya zauna da masu kiwon tattabaru na Landan yana kwasar iliminsu, ya yi ta aika wasiƙu ga masu lambu da jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan. Aikin tattara wasiƙunsa da aka fara a 1974 ya kai sama da wasiƙa 15,000, a mujalladi 30. A cikinsu za ka ga mutumin da ya tsani bauta tsana mai tsanani, ka kuma ga, a littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam, mutumin da ya jera al'ummu hawa-hawa da Bature a sama, ya kuma ɗauki mace ƙasa da namiji a basira. Ɗan'uwansa Francis Galton ne ya assasa aƙidar tace zuriyar mutane a 1883. Masanin tarihi ba ya ɓoye ɗaya don ya haskaka ɗaya.

Abin da ya rage kuwa, mafi yawansa ba a Ingila yake ba. Shekarun baya-bayan nan hankali ya koma kan yadda ka'idar ta yi tafiya zuwa wasu harsuna, da abin da ta zama da ta isa. Larabci misali ne mai kyau, kuma Marwa Elshakry ta yi aiki mai zurfi a kansa. Masu karatun Larabci sun fara sanin Darwin ne ta mujallar al-Muƙtaɗaf, wadda Yaƙub Sarruf da Faris Nimr suka kafa a Bairut a 1876, kafin su mayar da ita Alƙahira. A 1882 wani malamin kwalejin 'yan mishan ta Bairut, Edwin Lewis, ya yaba wa Darwin a jawabin yaye ɗalibai, hakan ya ci masa aiki, ɗalibai suka yi bore. Waɗanda suka kore shi 'yan mishan ne Amurkawa. Likita Shibli Shumayyil ya gabatar da ka'idar a 1884 ta hanyar fassara sharhin wani Bajamushe, Ludwig Büchner, wanda ba ya yarda da komai sai abin da ake taɓawa, don haka da yawa suka haɗu da Darwin sanye da rigar da ba shi ya ɗinka ba. Jamaluddin al-Afgani ya yi raddi mai zafi a 1881, kan masu wannan aƙida ta zahiranci. Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Sham, a Risalatul Hamidiyya ta 1888, ya bi wata hanya: ya ce hujjar ba ta kai yaƙini ba tukuna, amma da za ta kai, ba za ta rushe imani da Mahalicci ba. Fassarar littafin Darwin kansa ba ta fara fitowa da Larabci ba sai 1918, a hannun Isma'il Mazhar na Masar, ita ma babi biyar na farko. Wato an yi fiye da shekara 40 ana muhawara a kan littafin da akasarin masu muhawarar ba su karanta ba. A Sin ma kusan haka ne, ta fassarar da Yan Fu ya yi wa wani littafin Huxley a 1898 aka shiga maganar, ana karanta ta a matsayin gargaɗi ga ƙasar da manyan dauloli ke yagar ta.

Irin wannan aiki yana buƙatar wanda ya iya harshen, ya san ilimin halittu daidai gwargwado, ya kuma iya zama da tsofaffin mujallu wata da watanni. Masu haɗa ukun nan ba su da yawa. Idan kana son ka ɗanɗana kafin ka yanke shawara, wasiƙun Darwin da kundayensa da duk bugu shida na littafin suna intanet kyauta. Buɗe bugun 1859 da na 1872 gefe da gefe, ka ɗauki babin da yake magana kan matsalolin ka'idarsa, ka bi shi jimla-jimla kana alama a duk inda ya sauya. Sannan ka nemi wasiƙun shekarun da ke tsakani, ka gano wa yake ba amsa a kowane gyara.